Mai Buɗe Kwanon Tsofaffi

Jiya ƙarar murfin kwano ta tuna mini da kakata. Farkon ƙaddamar da shari'ar Musulunci, duk Juma'a sai ta zaga tsofaffin unguwarmu a Daura, tana buɗe kwanonsu ta ga abin da ake ba su.

Wata rana na raka ta gidan ƙawarta, muka tarar da busasshen ƙanzo. Ta ɗauki kwanon ta dire gaban ɗan matar a zaure.

"Bismillah, Alhaji. Kai ne mai haƙora."

Da Juma'a ta zagayo, sai ga tuwo mai tururi, har da nama. Suka yi ta dariya. Ƙawar ta jawo mayafi ta ce, "Yau tare za mu zaga."

Allah Ya cika wa kakata kwanonta a Aljanna.