Sunan da Ke Kan Rumbu na Biyu

Kwamfutar da aka kawo ofishinmu na kula da dabbobi a Tudun Wada ba sabuwa ba ce. Wani ofishi a Kano ne ya gaji da ita, aka ɗoro mana a bayan akori-kura. Ni ce mai tafireta, don haka ni aka tura birni na koyo, na dawo ina jin kaina.

Injiniyan da ya haɗa ta ya nuna min cewa cikinta rumbu biyu ne. Na farko na kayan aikinta, kada na kuskura na taɓa. Na biyu kuma nan zan riƙa zuba aikinmu, wato bayanan allurar rigakafin shanu, ruga-ruga, tun daga Kiru har dazukan Doguwa. Sai da ya tafi na lura kowane rumbu yana da suna a ƙarƙashin hotonsa. Wanda ya riƙe kwamfutar a Kano ya sa wa na biyun sunansa, kuma sunan ɗana na fari ne.

A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Tun da aka yaye shi kakanninsa suka ɗauke shi zuwa rugarsu a bayan Doguwa. In mun haɗu "kai" nake ce masa, shi kuma ya ce min Adda, wato yaya da Fulatanci. Ban taɓa ganin laifin hakan ba. Amma ga sunan nan yanzu, kullum aka tada janareto sai ya fito ya tsaya min a ido. Sai na tashi na buɗe taga, na dawo, na gyara labule, na leƙa waje ba tare da ina neman kowa ba.

Abokan aiki suka gane, suka samu abin yi. Mai ajiyar magani ya riƙa leƙowa yana cewa, "Malama, wane rumbu ne ma kika ce?" Na ce masa ya je ya ƙirga kwalabensa. Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba, ranar da mai duba aiki ya zo daga hedikwata ya tambaye ni sunan wurin da nake ajiye aiki, na tsaya ina nuni da yatsa kamar kurma. Na ji yana ce wa oganmu wannan ba ta san kan na'urar ba, a nemo wani. Oga ya kare ni, amma daga baya ya ce min, "Wata mai zuwa zai dawo. Ki san yadda za ki yi."

Na san yadda zan yi, a sauya sunan. Sai dai tsoro ya hana ni. Damina guda na kwashe ina buga bayanan nan, kuma an taɓa ba mu labarin wani da ya danna abu ɗaya aikinsa duk ya tafi. Nakan kai maus kan sunan, na janye hannu. Abinci ma a tsaye nake ci a kwanakin.

Ranar kasuwa oga da sauran ma'aikata suka tafi allura wajen Riruwai, aka bar ni ni kaɗai. Na rufe ƙofa, na ɗauki rediyon oba-oba da muke magana da hedikwata a Kano, na ce a haɗa ni da injiniya. Bayan gaisuwa na ce ina so na sauya sunan rumbu.

"Abu mai sauƙi," in ji shi. "Amma kin kwafe aikin a faifan filofi?"

Ban kwafe ba. Ya ce na kwafe tukuna, na buɗe kwafin na gani da idona, sannan na sake kira. Na yi ta cusa faifai ina zarewa, ina sauraron ƙarar kowace mota kada su oga ne suka dawo. Da na gama na kira shi.

"To ki rufe duk abin da kika buɗe. Harafin da ke gefen sunan ba ruwanki da shi, suna kawai za mu taɓa. Yanzu karanta min abin da ke rubuce a inda kika ɗora maus."

Na ce, "Rumbu na biyu ne."

"Ban ce ki ƙirga min ba, Malama. Ni ba na ganin abin da kike gani. In kan jakar kayan aiki kike, kika sauya mata suna, gobe ba abin da zai buɗu. Ba na barin kowa ya danna sai ya karanta min."

Raina ya ɓaci. Na so na ce masa sunan ɗana ne, amma oba-oba ba sirri, duk ofisoshinmu suna iya ji. Na fara kiran haruffan ɗai-ɗai, ƙugin rediyon ya cinye su.

"Faɗi gaba ɗaya mana," ya ce. "Akwai masu jirana."

Na dubi ƙofa, a rufe take. Na danna maɓallin oba-oba, na faɗi sunan. Na yi mamakin yadda sunan yake da daɗin faɗi.

"Ban ji ba. Maimaita."

Na maimaita, wannan karon da ƙarfi.

"Yauwa, shi ne. Goge shi ki rubuta wanda kike so."

Na goge, na rubuta RIGAKAFI. Ya sa na kashe kwamfutar na kunna, na buɗe aikin Kiru, na buɗe na Bebeji, komai yana nan yadda na bar shi. Ya yi min sallama ya tafi sabgarsa. Da mai duba aiki ya dawo na amsa masa duk tambayoyinsa, kujerata ta zauna.

Ni ce dai ban zauna ba. Da Juma'a ta zagayo na nemi izini, na hau motar Doguwa, daga nan na hau acaɓa zuwa ruga. Duk hanya ina juya sunan a bakina, ina cewa tunda ya fita sau biyu zai fita na uku. Na same shi a bakin rijiya yana shayar da maruƙa, ya yi tsawo har ya kusa kamo ni. Ya durƙusa ya ce, "Adda, sannu da zuwa."

Kakarsa tana tsaye a bayana. Na buɗe baki, na ce, "Kai, kana lafiya?"

Yanzu shi ma yana da 'ya'ya, har da ɗan farin da ba ya faɗin sunansa. Sau biyun nan ne kaɗai na faɗi nasa a rayuwata, kuma wanda na faɗa wa wani mutum ne a Kano da bai ma san ina da ɗa ba.