Ƙaramin Gwangwanin Fenti

Shagon mamata a Tirkaniya na ƙarfe ne, irin wanda masu walda ke haɗawa. A ciki take sayar da sabulu, gishiri da man gyaɗa, kuma da shi muke ci tun da masaƙa ta sallami babana. Kowace damina ruwa yakan kwanta a gindinsa, gishirin da ke zuba yana taya shi. Tsatsa ta fara cin bangon daga ƙasa.

Wani tsohon abokin aikin baba ya kawo masa fenti gwangwani biyu, babba da ƙarami, ya ce irin na tankunan masana'anta ne. Babana mutum ne da abu biyu ba sa kwana a hannunsa. Tun kafin yamma ya aika wa ƙaninsa da ƙaramin can Kakau, don ya shafa wa ƙofarsa.

Muka kankare tsatsa da burushin waya, baba ya shafe shagon tas. Ya yi kyau, toka-toka, yana sheƙi. Sai dai ya ƙi bushewa. Sati ya zagayo, yana nan danƙo kamar ranar da aka shafa. Gashin kaji ya manne, zanin mama ya manne, duk wanda ya jingina ya tafi da rabonsa. Baba ya ce laifin sanyin damina ne.

Bakanike ɗan Ibo da ke gefenmu ya dangwala yatsa ya shinshina.

"Baba, ina ɗan'uwansa? Wannan ba ya tafiya shi kaɗai. Sai an zuba ƙaramin a ciki, su kama juna su ƙulle, ruwa ya rasa hanya. In babu shi, ko shekara zai yi, haka zai zauna."

Aka je Kakau. Baffa ya riga ya buɗe nasa, ya ga wani ruwa kamar zuma mara launi, ya ɗauka ya lalace, ya tuttular a bayan gida.

Ko an samo ma an makara, domin ba a haɗa su a jikin bango. Muka goge abin da ya gogu da fetur, muka bar ƙarfen tsirara a tsakiyar damina, ga shi mun kankare tsohon fentin da ke ɗan kare shi. Abin ya ba ni haushi, har yanzu ma yana ba ni.

Damina ta biyu ƙafar mama ta burma ta ƙasan shagon. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo suka yanyanka shi, suka loda a kura.

Mama ta koma kasa kaya a tebur bakin titi. Babana, wanda ban taɓa ganin ya ɗauki ko bokitinta ba, shi yake fita da teburin a ka kowace safiya, maƙwabta na kallo. Ita kuma ba ta taɓa ce masa ya bari ba.