Gidan da Muka Gyara wa 'Ya'yan Manya a Stratford

Mun tashi da asuba daga harabar majami'armu ta Jos, mu bakwai, bayan fasto ya yi mana addu'a, matan zumunta kuma sun cika mana jaka da kilishi da yaji. Kun san abin da ya kai mu, tunda baikonku ne ya biya jirgi. Ikilisiya ta sayi wani tsohon gida a Landan domin a gyara wa ɗalibanmu, waɗanda Turawa ke ƙin ba su haya. Ni kafinta ne. Akwai birkila biyu, mai fenti, mai aikin famfo, sai jagoranmu, dattijon ikilisiya ɗan kwangila, da ƙaninsa wanda har yau ban san sana'arsa ba.

Hanyar Kano cike take da manyan motocin siminti. Tun da kuɗin fetur ya shigo ƙasar nan kowa gini yake, kowa sauri yake. A jirgi an kawo mana cuku, babban birkilanmu ya sansana ya ce wannan madarar ta kwana biyu da rasuwa.

Mun sauka cikin yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi. Daga nan sai bas, sai jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira tube, inda mutane ke zaune kafaɗa da kafaɗa ba mai gaida wani. Gidan yana unguwar Stratford, hawa uku, ɗaki tara. Bangon ya jiƙe, katakon daɓen ya ruɓe har ƙafata ta zurma a matakala. Mu biyar muka shimfiɗa katifu a falo. Jagora da ƙaninsa suka ce za su sauka a otal cikin gari saboda "tarurruka".

Mako shida muka yi muna aiki. Burodi da madara da dankali arha, amma doya guda a kasuwa ta fi kaza tsada. Jagora kan leƙo bayan kwana huɗu ko biyar, hannu cike da ledojin kanti, takalma da agogo da rediyo. Rannan ya ari gudumata ya riƙe aka ɗauke shi hoto. Ƙaninsa bai taɓa ko tsintsiya ba.

Wanda ya tsaya mana shi ne Malam Bitrus, tsohon malamin firamare daga Kafanchan, yana karatun koyarwa a Landan. Kullum ya tashi daga aji sai ya zo ya tuɓe kwat ya ɗauki yashi. Shi ke yi mana tafinta wurin sayen katako. Wata Lahadi ya kai ni gidansa a Edmonton, wata unguwar Landan. Ɗaki ɗaya ne, nan gado, nan tukunya, nan murhun kananzir da suke jin ɗumi. Bangon ya yi baƙi don laima, iska na shiga ta tagar da ta fashe. Matarsa ta tuƙa mana tuwon garin shinkafa, jaririyarsu kuwa tari take har muka gama ci. Ya ce ƙofa nawa ya ƙwanƙwasa kafin ya sami wannan, da an ga fuskarsa sai a ce an riga an ba wani.

"Idan gidan ikilisiya ya kammala, Maigida, yarinyar nan za ta huta," in ji shi.

Na zaɓar masa ɗakin sama mai kallon rana, na yi masa kanta biyu da ragowar katako.

Ranar keɓe gidan aka yi sujada, aka yi waƙa, sannan jagora ya zaro takarda ya karanta sunayen waɗanda za su zauna. Na farko ɗansa, wanda bai ma gama sakandare a Zariya ba. Na biyu ɗan ƙaninsa. Sauran 'ya'yan abokan kwangilarsa ne da na manyan ma'aikata, yaran da iyayensu ke iya kama musu gidan haya ko'ina a Landan. Ya ninke takarda ya ce a yi addu'ar rufewa.

Na miƙe. Na ce, "Baba, ban ji sunan Malam Bitrus ba."

"Gidan na marasa aure ne," ya ce, bai ko dube ni ba.

"Yaushe aka yanke haka? A Jos ba haka aka gaya wa ikilisiya ba."

"Kai an kawo ka ne ka buga ƙusa. Zauna."

Shekara ashirin ina aikin katako, ba a taɓa yi mini magana haka a gidan Ubangiji ba. Ni na sa wa ƙofofin kuba, makullai suna aljihuna. Na ciro na ɗakin sama na danƙa wa Malam Bitrus a gaban kowa. Ya riƙe shi ɗan lokaci, sannan ya mayar mini, ya ce a hankali, "Maigida, surukin Baba yana cikin masu ba da tallafin karatuna. Saura mini shekara guda."

Kwana biyu da suka rage a Edmonton na yi su. Na sa masa sabon gilashi, na toshe kafofin iska. Laimar bangon ta fi ƙarfina.

A filin jirgi akwatunan jagora goma sha ɗaya ne, mu aka sa muka tura. Mun sauka Kano da hantsi, muka iso Jos da yamma, matan zumunta suka tarye mu da waƙa.

Abin da tafiyar nan ta koya mini kaɗan ne. Ba zan ƙara ɗaga guduma da sunan aikin Ubangiji ba sai na ga sunan wanda zai kwana a ɗakin a rubuce. Ku ma da kuka sayar da kaji da masara kuka ba da baiko, kuna da ikon tambaya. Ɗaki uku a gidan nan a kulle suke yanzu, ana jiran yaran da ba su gama makaranta ba. Jaririyar Malam Bitrus tana Edmonton, hunturu kuma ya kusa.