Fasinjar Mai Faci

A gidan burodin da ke bayan tashar mota kowa Anti yake ce mata, har mai gidan burodin da ya girme ta. Aikinta ɗaure leda. Burodi zai fito daga tanderu ya sha iska a kan katako, sannan ya iso teburinta. Ta kaɗa leda ta buɗe, ta zura burodi, ta murɗe bakin ta ƙulla, duk kafin ka gama gaishe ta. Tun tana goyon 'yarta ta fari take wannan aiki, yanzu ga 'yar da nata goyon.

Da yake hannu ya riga ya haddace aikin, bakinta ba shi da abin yi sai surutu da dariya da ci. Duk burodin da ya karkace ko ya ƙone a gefe, teburin Anti ake turo shi, ita kuwa ba ta iya ganin abinci ya wulaƙanta. Sai ta haɗa shayi mai kauri, madara da sukari har cokali ya kusa tsayawa, ta yi wa burodin gata. Da haka da haka ta cika kujerarta, har aka sauya mata wadda ba ta da hannu. Abin bai taɓa damunta ba. In an tsokane ta sai ta ce, "Jikina ne, ba aro na yi ba."

Mijinta mai faci ne. Yana da wurinsa a bakin titi ƙarƙashin wata babbar bishiya, da injin iska da bahon ruwan da yake tsoma taya ya nemo huji. Siriri ne, kuma magana tsada take yi masa. A gida in ka samu "to" da "madalla" daga bakinsa, ka ci riba. Yaransa sun taso suna ganin haka Allah ya yi shi.

Anti kaɗai ta san mutumin nan yana da baki, sai dai a kan babur yake buɗewa. Kullum da safe shi yake kai ta aiki, da yamma ya ɗauko ta. Da zarar ya ba ta baya, ya ga titi a gabansa ba idon mutum ba, sai magana ta ɓalle masa. Labarin direbobi da tsiyarsu, mafarkin da ya yi, abin da ke cin ransa. A kan babur suka zaɓa wa yara makaranta. A kan babur ya ce mata ya yarda da saurayin 'yarsu. A kan babur ya yi kukan rasuwar mahaifiyarsa, ya ce iska ce ta shigar masa ido. Fasinja yake ce mata, ita kuma ta riƙe gefen rigarsa tana jin muryarsa ta cikin bayansa. Gaskiyar magana, ba abin da take so a duniya kamar wannan 'yar tafiyar.

Da ta doshi shekara hamsin abin ya fara. Wata rana da safe tana shirya leda, sai ta ji wuta ta taso mata daga ƙirji, ta haye wuya, ta mamaye fuska. Kafin ta ankara ta jiƙe sharkaf. Ta juya ta daka wa mai tanderu tsawa.

"Kai, mu ma gasa mu za ka yi? Rage wutar nan!"

Mai tanderu ya dube ta, ya dubi tanderun. "Anti, ai ban ma kunna ba."

Aka bushe da dariya, har da ita. Amma da abin ya dawo washegari, ya dawo jibi, dariyar ta fara ƙarewa. Barci ya zama guntu-guntu, ta farka matashin kai a jiƙe. Al'ada ta koma zuwa ranar da ta ga dama. Gwiwoyi suna ƙara in za ta miƙe. Abu kaɗan sai ranta ya ɓaci, ita da ba a san ta da fushi ba. Tsoro ya kama ta, ta ɗauka wata muguwar cuta ce take cin ta a ɓoye. Ba ta gaya wa kowa ba, ta nemi izini a wurin aiki ta wuce asibitin unguwa.

Nas ɗin da ta duba ta sa'arta ce, ga mafici ajiye kusa da abin awon jini. Anti ta zayyana mata komai. Nas ta yi 'yan tambayoyi, ta auna jininta, sannan ta ɗaga maficin ta nuna mata.

"Kin ga wannan? Ba ado ba ne. Barka da shigowa cikinmu, 'yar uwa. Ba cuta ba ce, al'ada ce take haɗa kayanta za ta tafi. Sai dai ba ta iya tafiya shiru ba, kuma takan ɗauki shekaru tana sallama."

Anti ta ja dogon numfashi. Aka ce ta hau sikeli, ta hau, ta kawar da kai ba ta kalli allurar ba.

"To, in na rage ƙiba zafin nan zai bar ni?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji nas. "Wasu sukan samu sauƙi sosai, wasu kaɗan, wasu ba su ga bambanci ba. Amma jininki ya ɗan hau, kuma gwiwoyin nan za su gode miki ko da zafin bai saurara ba. Ki rage sukari, ki riƙa tafiya a ƙasa. In abin ya ci gaba da hana ki sakat, ki dawo ki ga likita, akwai magani."

Da yamma mai faci ya zo ɗaukarta. Tana hawa babur ya ɗan nutse kamar kullum, shi kuma ya saki tsohuwar tsokanarsa.

"Fasinja, tayar baya tana gaishe ki. Yau ma sai da na ƙara mata iska."

Shekara da shekaru amsarta ɗaya ce, "Ai sana'arka ce, ni nake kawo maka ciniki." Ranar kuwa hankalinta yana wurin nas da sikeli, ba ta ma ji shi sosai ba. Ta yi shiru. Shi ma ya yi shiru har gida.

Da gari ya waye ta ɗaura takalmin roba ta ce masa, "Maigida, daga yau a ƙasa zan riƙa tafiya." Ta so ta ƙara da dalili, amma kunya ta riƙe mata harshe. Duk tsawon zamansu ba su taɓa buɗe baki sun yi irin wannan magana ido da ido ba. Ya dubi takalmin, ya dubi babur, ya ce, "To."

Kwanakin farko ta sha wuya. Tana isa tana haki, mai tanderu yana tambaya ko kare ne ya biyo ta. Ta tura burodin da ya karkace zuwa teburinsa, ta koma shan shayi da ɗan sukari tana yamutsa fuska. Ba a daɗe ba tumbin mai tanderu ya fara leƙowa ta ƙasan riga, Anti ta samu abin tsokana.

A hankali jiki ya fara amsawa. Zane ya nemi ƙarin zagaye. Zoben da ya daɗe da nutsewa a yatsarta ya fara juyawa. Gwiwoyi suka rage ƙorafi, barci ya ɗan yi tsawo. Zafin dai bai tafi ba, kada ma wani ya ruɗe ku. Yana zuwa, amma ba kamar da ba, kuma bai cika daɗewa ba. Ko ƙibar da ta ragu ce, ko barcin ne, ko tsoron da ya fita daga ranta, Anti ba ta sani ba, ba ta kuma matsa wa kanta da bincike ba. Ta gano tituna da lunguna da ta shekara tana wucewa a guje. Ta yi ƙawa da mai sayar da ayaba a kwana. Ranar da ta haye matakalar gadar masu tafiya a ƙasa ba tare da ta tsaya hutu ba, sai da ta yi wa kanta tafi.

Sai dai gida ya mutu. Da safe mai faci zai wuce ta a hanya, ya rage gudu, ya danna ham sau ɗaya, ya wuce. Da yamma "sannu da dawowa", "yauwa", shi ke nan. Tana ganinsa yana cin abinci kansa a sunkuye, ta rasa ta ina za ta kamo shi. Ta yi kewarsa ƙwarai, alhali ga shi a ɗaki ɗaya da ita.

Ran nan 'yarsu ta kawo jika yini. Suna hira sai ta ce, "Mama, Baba ya samu wata inuwar kuwa? Na gan shi a rana tsaka, ya kafa kwali a kan injin."

"Wace inuwa?"

"Bishiyarsa mana. Ai an sare ta tun da aka fara faɗaɗa titi. Bai gaya miki ba?"

Bishiyar da ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashinta, an sare, kuma sai a bakin 'ya Anti take ji. Ta san da a kan babur suke, tun ranar da aka shafa wa bishiyar jan fentin alamar sara za ta sani. Ta ce wa ranta, lafiyar da za ta raba ta da muryar mutumin nan, a kai kasuwa.

Washegari ya fito da makulli a hannu ya tarar da ita zaune daram a bayan babur. Ya hau ya tayar. Da suka hau titi, ta kafa ido a ƙeyarsa, sai ta ga ashe da gaske ne, magana ta fi sauƙi in ba a kallon mutum. Ta shafa wa idonta toka ta faɗa masa komai: zafin, matashin kai, al'adar da ke shirin tafiya, tsoron da ta ji, nas da sikeli.

Ya gangara gefen titi ya taka birki. Bai waiwayo ba.

"Wato ba maganar taya ba ce?"

"Wace taya?"

"Da na ce tana gaishe ki. Na ɗauka na ci miki fuska ne. Na ɗauka kin gaji da ni da bakina."

Anti ta fashe da dariya har babur yana girgiza, hawaye na zuba. "Haba Maigida! Duk zaman makokin nan a kan taya ne?"

Shi ma kafaɗunsa suka fara rawa. Can ya ce, "Tafiyar tana yi miki amfani?"

"Tana yi. Amma na haƙura da ita. Ka kai ni."

Ya murɗa makulli ya kashe injin. "Sauka."

Ta sauka, ba ta san nufinsa ba. Shi ma ya sauko, ya kama ƙahon babur da hannu biyu, ya fara turawa. Ya yi taku kaɗan, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ke nake jira."

Suka jera, babur a tsakani, kowa idonsa a kan titi. Ba su yi nisa ba wani mai shago ya ƙwala masa kira, "Mai ne ya ƙare?" Wani direba ya leƙo ta taga, "Yau mai faci ne da faci?" Ya ɗaga musu hannu ya ce lafiyarsa ƙalau, iska yake sha. Daga nan bakin ya buɗe. Ya fara da bishiya, yadda aka zo da zarto, yadda ya roƙi guntun reshe ya yi benci da shi. Ya shiga labarin mai shayin da ya yi masa alkawarin gefen rumfa. Yana haki yana magana, gumi na bin wuyansa, don turin babur ba wasa ba ne.

Wajen gadar zafin ya taso mata. Ta tsaya ta dafa sirdi ta ce, "Ga shi nan ya zo." Ya kafe babur, ya cire hularsa, ya shiga yi mata fifita a bakin titi, mutane na wucewa suna kallo. Ita ce ma ta ji kunya. Da zafin ya lafa ya mayar da hular ya ɗora daga inda ya tsaya.

Suka iso ƙofar gidan burodi, ƙamshi ya tare su, mai tanderu yana leƙe yana nuna mata agogo. Mai faci kuwa yana tsakiyar labarin wani direban tirela, ga sauran labarai jibge da ya tara tun ranar da ta ɗaura takalmin roba. Ya dubi ƙofar, ya sosa ƙeya.

"Fasinja," ya ce, "ko mu ɗan zaga ta bayan tasha? Ban gama ba."