Kunyar Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta aike ni sai ta ce "ke", in kuwa da mutane take magana, ni ce "ɗiyar tsohuwa", wato kakata wadda ta goye ni a Marnona. Ban damu ba, sai shekarar da masu lamba suka zo Wurno.

Lokacin ina wajen shekara takwas, ina jan ƙafar hagu tun ciwon da na yi ina ƙarama. Aka yi shela a kai yara a yi musu lambar agana. Kakata ba lafiya, dole Inna ta kai ni da kanta, tana gaba ina ɗingishi a baya. A gindin wata tsamiya muka tarar da Baturen likita bisa kujera, malaminsa yana rubuta sunaye. Da layi ya zo kanmu malamin ya ce, "Mi as sunanta?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya sake tambaya, shiru. Bature ya ɗaga kai yana neman dalili, malamin ya yi masa Turanci, sannan ya juyo ya ce da ƙarfi, "Kunyatta taka ji!" Mata suka kwashe da dariya. Wata maƙwabciyarmu ce ta faɗi sunan.

Su dai sun san abin da ake nufi. Jin kunyar mutum girmamawa ce, irin wadda mace ke yi wa suruki da ɗan fari. Ni kuwa kunya ɗaya na sani, wadda ake ce wa mai fitsarin kwance ya ji. Na dubi ƙafata, na dubi masu dariya, na yanke cewa uwata ta ɗauke ni abin kunya. Ko zafin tsagar lambar ban ji ba. A ranar na san muzanta, tun ban san sunanta ba.

Da na girma gwaggona ta warware mini, ta ce kara ce kawai, ita ma haka ta yi wa nata na farin. Kunnena ya ji, amma zuciya ta ƙi. A wajenmu in an ce mutum ya yi zuciya, ba jarunta ake nufi ba, fushi ne na wanda aka taɓa wa girma, ya fasa cin tuwo alhali yunwa na cinsa. Ni kam na iya ta ƙwarai. Da aka kai ni aure Goronyo sai na ce tunda kunyata ake ji, bari in rage mata nauyi. Na fi shekara goma ba na zuwa gida sai biki ko rasuwa. Duk lokacin kaka Inna tana aiko mini da daddawa da kuka, ba saƙon baki, ni ma in karɓa ba saƙon baki.

Wata damina aka aiko cewa Inna na kwance. Na ce in tana nemana ai tana da baki. Na bari kasuwa biyu ta ci kafin na hau jaki. Na isa bayan azahar, na tarar da tabarmi a ƙofar gida, maza na zaman makoki.

Ƙanwata ce ta ja ni ɗaki. Na tambaye ta ko Inna ta bar wata magana.

"Yaya, kwana ukku tana kiran sunanki," in ji ta. "Sunanki na yanka, gaban kowa, har gaban surukkai. Mata sai ruhe baki sukai, suna cewa ciwo ya ɗauke mata kunya."

Kowa a gidan nan ya ji yadda sunana yake a bakin Inna, har maƙwabta ta bayan danga. Ni kaɗai ce ban ji ba.