Ranar da Inuwa Ba Ta Taɓa Turmi Ba

A shekararmu ta biyu a makarantar koyon aikin jinya a Yamai, an yi mana wani darasi da muka ɗauka don jarrabawa kawai aka ƙago shi. Malamar, wata doguwar mace mai tabarau wadda ba mu taɓa ganin haƙorinta ba, ta karanto mana shi da Faransanci muna rubutawa. Wai mutum da wurin da yake zaune ba abu biyu ba ne. Ba kamar gero da rumbu ba, da za ka kwashe ka zuba a buhu ya ci gaba da zama geronsa. Saƙa guda ce, in ka ja zare a wannan gefe sai wancan ya tattare.

Ni ɗan Arewa ne, ta ƙasar Dogon Dutsi, don haka na sunkuya na raɗa wa na kusa da ni cewa masana sun sha doguwar tafiya, ga shi sun iso Lugu, ƙauyen ƴan bori na yankinmu inda aka daɗe da faɗin haka, ba su sani ba. Ya yi dariya, aka kore mu waje. Na haddace darasin, na ci jarrabawa, na ajiye shi inda ake ajiye irinsa.

A gidanmu, wani ƙauye ta wajen Ɗan Kassari, akwai tsamiya a tsakar gida wadda ta girmi duk wanda na sani. Mahaifiyata, Inna, ba ta da agogo kuma ba ta taɓa neman sa ba. Inuwa tana jikin danga, lokacin kunu ne. Ta sauko kan randa, ƙawayenta tsofaffi sun shigo da ƙoransu, a zauna ana ɓarar wake ana gyara auren mutanen gari. Da hawan jini ya kama ta, majo, babban ma'aikacin jinya na gidan likitar ƙauyen, ya ce ta riƙa shan ƙwaya ɗaya kullum da hantsi. Ita ta fassara hantsin da kanta: in inuwa ta taɓa turmi. Shekaru ana haka. Duk zuwan da na yi daga Doso, inda nake aiki, na auna ta, sai in samu jininta ya fi nawa hankali.

Wata rana a ƙarshen kaka ƙanena, ɗan kasuwa a Dogon Dutsi, ya kira ni a waya. Yaro ne mai kirki da son Inna, ya tsayar da gemu, kuma ba ya jin wa'azi ya bar shi a masallaci, sai ya kawo shi gida. Ya ce, "Yaya, Inna ba ta jin daɗi kwana biyu. Ka zo ka duba ta, ka ga kuma abin da na yi mata." Muryarsa irin ta mai jiran a sa masa albarka ce.

Na shiga mota zuwa Dogon Dutsi, daga can na hau kabu-kabu. Muka shiga ƙauye, muka ratsa shi, sai ga mu a bakin gonaki. Mai babur ya juyo ya ce, "Malam, ka tabbata garinku ne?" Na wuce gidan da aka haife ni. Ashe tun ina yaro ban taɓa neman ƙofarmu da ido ba, kan tsamiya nake bi. Na ɗaga kai, sama ce fayau har ƙasa, kamar an cire wa garin hula.

Da na shiga, sai na tsaya da jaka a hannu na kasa ajiye ta. Kututture ne baƙi, an ƙone shi don kada ya toho. Rana ta cika tsakar gida har tana kashe ido. Ba kaza, ba tabarma, ba tsohuwa ko ɗaya. Turmi yana kife a jikin danga. A gefe kuma ga sabon ɗaki na siminti da rufin kwano, da farantin sola a kansa.

Inna tana ciki, kwance a kan katifa, fanka na juyawa a kanta. Ta rame har zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Na durƙusa na gaishe ta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, "Likita, an iso? Ka gane gidan?"

Na ɗaura mata abin awo. Na duba, na kwance, na sake ɗaurawa, don na fi yarda cewa na'urar ce ta lalace. Ba ita ba ce. Na ce ta matse mini yatsu. Hannun dama ya kama, na hagu ya taɓa ni kawai ya saki. Na jawo gwangwanin da take zuba magani, na buɗe. Cike yake.

"Inna, tun yaushe ba ki sha ba?"

"Tun da anka sare ta."

"Don me?"

"Inuwa ba ta taɓa turmi ba."

Na buɗe baki in yi mata irin bayanin da nake yi wa marasa lafiya, ta ɗaga mini hannun daman. "Kada ka maida ni yarinya. Na san hantsi. Amma wanga ɗaki, safe da azahar duk ɗaya ne a cikinsa. In ce bari in tashi in sha, sai in ji kiran la'asar. Wa zai shigo ya ce mini kin sha? Su wance sun daina zuwa, ina za su zauna, a kan wuta? Abincin ma, mutum shi kaɗai da fanka, mi zai ci?"

Ƙanena yana tsaye a bakin ƙofa, fuskarsa ta sauya. Na ja shi waje, zuwa inda babu inuwar da za mu tsaya mu yi faɗa.

"Kai, me ya kai ka?"

"Yaya, saiwarta za ta fasa ginin. Kuma kai ma ka sani, har daga wajen Lugu mata ke zuwa suna ɗaura tsumma, wai aljanar nan doguwa na zaune a kai. A gidanmu fa! In Inna ta cika a kan haka, me zan ce wa Allah?"

Daga cikin ɗaki muryar Inna ta fito, ba ƙarfi amma ba ta ɓace ko harafi ba: "Auta, ina salla tun ba a yanke maka cibi ba. Ban taɓa zuba mata ko nono ba. Ita tana samanta, ni ina ƙasana. Maƙwabtaka ce. Ka taɓa jin an kori maƙwabci an bar unguwa yadda take?"

A lokacin ne malamar nan mai tabarau ta dawo mini da muryarta duka. Na yi shekaru ina auna Inna, ina rubuta lamba, ina jin daɗin aikina, ashe rabin majinyaciyar a tsakar gida take tsaye da ganyenta. An zo da gatari an datse wannan rabin, sauran kuma aka ɗauke shi aka sa masa fanka.

Muka kai ta gidan likita a Dogon Dutsi, aka riƙe ta ƴan kwanaki. Sun ce ƙaramin shanyewar jiki ne, in aka sake sakaci babban yana tafe. Na ce daga nan Doso za mu wuce, ga ɗaki, ga jikoki, ga ni. Ta ce an riga an cire ta sau ɗaya a bana, ya isa. Na ce to zan sa mata waya mai ƙara da hantsi. Ta ce in ba wa wanda bai san gari ya waye ba.

Ƙanena ne ya bar shagonsa ya riga mu komawa. Da muka iso, mun tarar ya kafa rumfar kara mai faɗi a kan kututturen, ya shimfiɗa tabarmi, ya tayar da turmi. Ya bi gida gida yana ba tsofaffi haƙuri, kuma na ji labarin ba su raga masa ba. Washegari Inna ta zauna tana kallon ƙasa tun safe. Inuwar rumfa mai kusurwa ce, ba ta tafiya irin ta itace. Can ta ce, "Auta, matsa da shi gaba. Ƙara. Kai, ba rijiya na ce ka kai shi ba. Nan." Inuwa ta zo ta taɓa turmi, wata tsohuwa ta miƙo mata moɗar ruwa ba tare da ta katse labarin da take bayarwa ba, Inna ta haɗiye ƙwayar.

Jinin ya sauka, ko da yake bai koma yadda yake a zamanin tsamiya ba. Hannun hagu bai dawo ba. Wake yanzu da hannu ɗaya take ɓara, tana danne kwasfar da gwiwa. Amma tana ci, tana faɗa, tana gyara auren mutane.

Da damina ta faɗi, ƙanena ya zo da ɗan dashen dogon yaro a leda, ya haƙa rami a gefen rumfa. Inna tana kallonsa ta ce, "Wanga ai ba kowa a cikinsa."

"Shi ya sa na zaɓe shi, Inna."

"To, ka dai riƙa ba shi ruwa," in ji ta. "In ya yi inuwa, masu zama za su zo da kansu. Na ƙasa da na sama."

Ya tsaya da butar a hannu, ruwa na zuba a kan takalminsa.