Ni Na Miƙa Masa Makullin Motar

A lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ina sayar da turaren wuta da atamfa a unguwar Ard al-Liwa. Ƙanena yana zaune a wurina, yana ɗauko mini kaya da wata tsohuwar mota da na saya. Tun rasuwar mahaifinmu a Sudan ni nake riƙe da shi. Na san yana shan giya, amma na ɓoye wa mahaifiyarmu, ina ce wa kaina ƙuruciya ce, zai bari.

Da 'yan sanda suka kama shi a unguwar Dokki yana tuƙi a buge, na yi ta zarya har lauya ya samo masa sassauci. Maimakon zaman gidan yari, sai ya riƙa zuwa wani ofishin gwamnati kullum yana shara da goge-goge. Har sujadar godiya na yi. Bai taɓa fashin zuwa ba, amma yakan dawo yana dariya, yana ce mini in dai wannan ne hukuncin, ai da sauƙi. Babu wanda ya zaunar da shi ya tambaye shi abin da ke kai shi ga kwalba, har da ni.

Bayan an mayar masa da lasisin tuƙinsa da aka ƙwace, wata Talata da azahar aka kira ni cewa kayana sun iso Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Na kira ƙanena ya je ya ɗauko, da ya matso kusa na ji warin giya a bakinsa. Ya ce mini tamam yake, lafiyarsa ƙalau, kurɓa biyu ce kawai. Na dube shi, na tuna matan da ke jiran atamfarsu, na ce yalla ya yi sauri, na miƙa masa makulli da hannuna. Ko gadar da ke kan hanya bai kai ba ya take wani mutum a kan keke, mai ɗauke da burodi a ka. Kafin a kai mutumin asibiti ya cika. Daga baya na ji 'ya'yansa huɗu.

Yau ƙanena yana gidan yari, in na je ziyara ba ya iya ɗaga ido ya kalle ni. Mahaifiyarmu ta daina ɗaukar wayata. Ban ce sassauci laifi ba ne, amma tsintsiya ba ta raba mutum da giya, kuma mu da muke gida mun ɗauka kotu ta gama mana aiki. 'Yan'uwa, in naku ya samu irin wannan rangwame, kada ku yi murna ku koma harkokinku. Ku nema masa magani, ku riƙe makullin. Ni na sani, na ji warin, kuma na ba shi.